Kofi Uku na Koren Ruwa

Wata huɗu cur Malamar Kwalba ta yi tana kokawa da rijiya guda, kuma sai da ta kai ta ƙasa. Sunan nan mutanen layin ne suka raɗa mata, don ba a taɓa ganinta ba tare da akwatin ƙanƙara cike da kwalabe ba, tana ɗura ruwa tana rubutu a jikinsu. A cibiyar binciken ruwa inda take aiki Dakta ake ce mata, amma wannan can ta matse musu. A layi ita Malamar Kwalba ce.

Rijiyar tana ƙarshen layi, kusa da tafkunan siminti guda shida inda wani ƙaton mutum da ake kira Mai Tarwaɗa yake kiwon kifi. Sama da su, tafiyar minti biyar, akwai wani fili da aka kewaye da kwano, inda ake fasa matattun batiran mota da gatari, a kwashe dalmar ciki, a tuttular da ruwan batirin cikin wani rami. Shekara tara ana wannan aika-aika. Ruwan rijiyar kuwa garau, sanyi kamar daga randa, ga daɗi a baki. Abin da ya fi ƙona wa Malama rai ke nan. Da yana wari, da rabin aikinta ya ƙare tun ranar farko.

Kifi ne ya fara tona asirin. Mai Tarwaɗa da ƙafarsa ya kai mata guda biyar a bokiti, wai suna ci kamar gara amma ba sa girma, wasu kuma gadon bayansu ya karkace. Ta feɗe su a kan teburin gwaji, ta auna hanta da ƙoda da ƙashi, ta sami dalma jibge. Ta auna ruwan da yake zuƙo musu daga rijiyar da inji, nan ma dalma. Da ta tuna wannan ruwan ne ake ɗura wa jariran layin, ranar ko abincin rana kasa ci ta yi.

Daga nan ta zame musu ƙarfen ƙafa. Gida-gida ta bi, ta zauna a tabarmar mata, ta nuna musu hoton kifi mai karkataccen baya, ta ce dalma ba ta kashe mutum yau, maƙalewa take a ƙashi da ƙwaƙwalwar yaro tana cinsa a hankali. An yi mata dariya, an yi mata gatse. Wata tsohuwa ta ce ita da ruwan nan ta yi haƙora, da shi kuma ta zubar da su, ba ta ga abin da ya rage a tsorata ta da shi ba. Wadda ta fara yarda da ita matar Mai Tarwaɗa ce, Uwar Biyu, mai tagwaye mata 'yan shekara uku waɗanda har yanzu maganarsu ba ta fita sosai. Ita ta fara ɗaukar jarka zuwa famfon bakin titi, minti ashirin zuwa, ashirin dawowa, sauran matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya suna ƙunƙuni. Aka yi wa rijiyar murfin katako, aka danna kwaɗo, aka shafe bakinta da jan fenti. Bututun Mai Tarwaɗa kaɗai aka bar wa kafa, don ya rantse ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar kifinsa ya bushe ba.

Saura ramin. Mai fasa batir ya ce shi bai ga abin da ya haɗa raminsa da rijiyar mutane ba, ruwa dai ba ƙafa gare shi ba balle ya yi tafiyar minti biyar a ƙarƙashin ƙasa. Hukuma ta ce a kawo hujja. Hujja kuwa Malama ta san inda za ta samo ta. Akwai wani rini da masu binciken ruwan ƙasa suke aiki da shi, gari ne ja-ja kamar na bulo, amma da ya taɓa ruwa sai ya koma kore shar. Ba ya cutar da mutum ko kifi, har a ido likitoci suke ɗiga shi. A zuba shi a rami a jira, in ya ɓullo a rijiya magana ta ƙare. Don kada ya wuce ba a gani ba, sai a ƙulla gawayi a 'yar raga, a rataya da zare a cikin rijiyar. Gawayin yana kama rinin komai ƙanƙantarsa, kullum a canza ƙullin a kai tsohon ɗakin gwaji.

Mai wannan aiki na ƙulli da igiya shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyarta. Shekara talatin yana tuƙa motar cibiyar yana zura igiyar awo a rijiyoyi. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya fara koya mata a ɗauraye kwalba sau uku da ruwan da za a ɗiba kafin a ɗiba. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san mutane, darasin da jami'a ta manta ba ta koya wa Malama ba.

"Ɗiyata," ya ce da ita a mota, ranar da za su zuba rinin, "mu tara mutanen layi tukuna. A nuna musu garin nan, a zuba a kofi, su ga ya koma kore da idonsu."

"An sa taro ranar Asabar, Kawu. Yau Talata."

"To mu bari sai Lahadi mana. Rinin ruɓewa zai yi?"

"Takardar izinin da hukuma ta ba mu ta yau ce kawai. In mutumin nan ya sami kwana biyar, cike ramin zai yi da ƙasa ya rantse bai taɓa mallakar rami ba." Ta buɗe littafinta ta tura masa ƙarƙashin hanci. "Duba. Na auna gangaren ƙasar, na auna irin yashin. Kwana goma sha biyu zai yi kafin ya iso rijiya. Ko ya iso ma ya tsinke, ido ba zai gan shi ba, sai gawayi."

Kawu ko kallon littafin bai yi ba. "Shi ruwan ya karanta lissafin nan?"

"Kawu!"

"Na yi shiru, Dakta." Ba ya ce mata Dakta sai in ta ɓata masa rai.

Suka zuba. Kawu ne ya dama garin a bokiti, safar hannunsa ta yage, hannunsa na dama ya rine har wuyan hannu, sabulu ya yi ya yi ya kasa. Mai fasa batir yana tsaye yana sakace yana musu dariya. Da yamma Kawu ya buɗe kwaɗon rijiya ya rataya ƙullin gawayi, babu wanda ya tanka masa, don an saba ganinsa da igiya.

Lissafin Malama daidai yake ga ƙasar da ta auna. Abin da ba ta sani ba, sai daga baya ta gano, akwai tsohuwar magudana da aka binne tun kafin a gina gidajen, ta taso daga gindin ramin ta wuce taku uku da rijiyar. Ranar Laraba da la'asar aka tsuge da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ramin ya cika ya tumbatsa, abin da ya tara na shekara tara ya sami hanya.

Alhamis da safe tana ɗakin gwaji tana jera kwalabe wayarta ta yi ƙara. Uwar Biyu ce.

"Malama, rijiya ta koma kore. Baban Biyu ya kunna inji da asuba ya ƙara wa tafkuna ruwa, ga shi nan duk sun yi kore, kifi sai tasowa suke cikinsu a sama."

A faɗi gaskiya ko da babu daɗi, abin da Malama ta fara ji murna ce. Ta daki tebur har kwalabe suka kaɗa. Kwana biyu! Ba sha biyu ba, biyu kacal, kuma ido ma yana gani! Har ta hango fuskar mai fasa batir a gaban hukuma. Sai da Uwar Biyu ta ce, "Kuma sun kama tsohon nan naku," sannan ta tuna Kawu ya fita tun da sassafe canza gawayi, shi kaɗai, da jaka guda ta ƙulle-ƙulle da hannu a rine.

Ta tari mai babur, ko farar rigar aikin ba ta cire ba. Tun daga bakin layi ta jiyo hayaniya. Motar cibiyar ta fara gani, gilasai duk a ƙasa, an ɓalle ƙofa guda, akwatin ƙanƙara a kife, kwalabe a farfashe. Ta taka su ta wuce. Tafkunan shida sun yi kore shar, saman kowanne ya rufe da tarwaɗa, wasu har yanzu suna motsa baki. Kallo ɗaya ta yi musu ta san ba rini ba ne. Jikinsu ya yi wani farin yauƙi, gefen kansu inda suke numfashi ya ƙone. Ruwan batir ne. Hanya ɗaya suka biyo da rinin, suka iso tare.

Kawu yana zaune a ƙasa, an ɗaure shi a jikin turken da ke riƙe da bututu. Da igiyar awonsa aka ɗaure shi, wadda shi da kansa ya yi wa alamar mita-mita da jan zare. Babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, jini ya gangaro daga gira ya jiƙe gemu. Maza sun fi arba'in, kuma duk wanda ya matso sai ya sa nasa hannun, wani da bel, wani da guntun katakon murfin rijiyar da suka ɓalle. Wani mai gyaran taya, wanda Kawu ya sha rage wa hanya, shi ya fi kowa zaƙewa, yana harbinsa a haƙarƙari yana tambayar wa ya aiko shi.

"Ku bari! Ni ce, ku bari!" in ji Malama.

Ta kutsa. Wani ya sakar mata gwiwar hannu a ƙirji, wani ya fizge ɗankwalinta, daga baya kuma aka ɗauke ta da mari har kunnenta ya yi ɗif. Ta faɗi a kan fasasshiyar kwalba, tafin hannunta ya tsage. Ta miƙe ta ci gaba da turawa har ta kai tsakiya.

Mai Tarwaɗa ya juyo. Babu riga a jikinsa, wandonsa ya jiƙe da koren ruwa har cinya, a hannunsa guntun icen nan mai nauyi da yake kwaɗa wa tarwaɗa a ka kafin ya yanka. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Kowane kifi a tafkunan nan tun yana kamar ɗan yatsa ya raine shi, saura mako biyu ya kwashe.

"Yauwa, ga uwar gayyar." Ya ɗaga hannun hagu, ƙullin gawayi uku suna reto a zare. "Mene ne wannan? A bakin rijiya muka same shi, yana ciro ɗaya yana sa ɗaya. Ga jaka guda cike a mota."

"Gawayi ne. Kwance ka gani."

"Mun kwance. Baƙin abu, a ƙulle, a zare, a cikin ruwan mutane. Ke a gidanku me ake kiran wannan?"

"Asiri ne!" in ji wani daga baya, sauran suka ɗauka.

Mai Tarwaɗa ya kamo hannun Kawu na dama ya shimfiɗa shi a kan gefen simintin tafki. "Ku duba. Launin hannunsa da launin ruwana ɗaya ne ko ba ɗaya ba?" Kafin Malama ta buɗe baki ya sauke icen. Ƙarar ba ta da yawa, irin ta busasshen kara in an taka shi. A na farko Kawu bai yi ihu ba. A na biyu ya yi, wani irin sauti da Malama ba ta taɓa zaton zai fito daga bakin mutumin da ya goya ta ba.

Ta faɗa kansa ta kare shi da jikinta. "Ni na sa shi! Ni na ce a zuba! Shi cewa ya yi a gaya muku tukuna, na ƙi. Rini ne, ko sauro ba ya kashewa. A ramin batir muka zuba shi shekaranjiya, don mu nuna ramin da rijiyar nan a haɗe suke. Ga shi kun gani da idonku! Ruwan batir ne ya kashe maka kifi, abin da nake gaya muku ke nan wata huɗu!"

"Shekara tara ana fasa batir, kifina bai taɓa mutuwa rana ɗaya ba. Kun zuba abinku shekaranjiya, yau sun mutu." Ya juya ga jama'a. "Ni ban yi makaranta ba, amma na iya ƙirga kwana biyu."

Maganar ta shige su, don a fuska ba ta da aibi. Ita kanta Malama ta san sai ta cika shafi uku kafin ta warware ta, kuma babu mai ba ta shafi uku a wurin nan. Aka janye ta da ƙarfi ta wuyan riga. Wani ya gungaro taya. Mai gyaran tayar ya ɗauko jarkar fetur ta injin ban ruwa ya tuttule wa Kawu tun daga ka, fetur ya bi raunukan, tsohon ya gantsare. Warin ya cika wurin. Matan da ke tsaye daga nesa suka sa salati, wani kuma ya fara laluben ashana a aljihu.

Malama ta fizge ta ruga mota. A ƙarƙashin kujera ta sami gwangwanin rinin da ɗan saura a gindi, da robar ruwan shanta. Ta zuba, ta girgiza, ruwan ya koma kore a gaban kowa, ta kafa kai ta shanye rabi.

"Kun gani? Shi ne wannan! Ga ni!"

Mai Tarwaɗa ya kaɗe robar daga hannunta da icen. "Wannan naki ne, daga gida kika zo da shi. Mu ba yara ba ne." Ya sa aka zura guga a rijiya aka jawo, wani ya miƙo kofin roba ja mai tsagaggen hannu. Ya cika shi fal ya miƙa mata. "Wannan za ki sha. Irin wanda kifina ya sha."

Ta kalli kofin. Ta san kofi ɗaya, ko uku ma, ba zai kashe babban mutum ba. Ciki zai ƙone, ta kwana biyu tana murƙususu, shi ke nan. Ba ta kanta take yi ba. A bayan mazan, a jikin katanga, matan layin ne a tsaye da jarkokin da suka ɗebo daga famfo, Uwar Biyu a gaba, tagwayen sun riƙe mata zani. Wata huɗu ta yi tana ce musu ko kurkure baki kada su yi da ruwan nan. In suka ga ta sha ta miƙe da ƙafarta, aikin ya rushe, kuma ta san babu takardar da za ta sake gina shi.

"Ku saurare ni," ta ce, muryarta ta dishe. "Rinin ba ya cutarwa, amma ruwan yana cutarwa. Abu biyu ne daban."

"Kun ji ko? Da bakinta ta ce yana cutarwa! Ta ƙi sha!"

Aka ƙyasta ashana. Ta karye, danshin jiya ya kama kwalin. Mai ita ya zaro wata.

"Kada ki sha, ɗiyata." Maganar Kawu da ƙyar take fita, leɓensa ya fashe. "Da ƙyar kika rufe ta."

"Yi shiru, Kawu."

Ta karɓi kofin da hannu biyu, don wanda ya tsage ba zai riƙe shi kaɗai ba. Ruwan da aka sani da daɗi yau tsami gare shi, da wani ɗanɗano kamar an tsotsi tsohon makulli. Ya bi maƙogwaro yana yaƙushi. Ta shanye ta kife kofin.

"Ɗaya ai kowa zai iya," in ji wani.

Aka sake cikawa, ta sake shanyewa. Na uku mai gyaran taya ne ya karɓi kofin, ya je bakin tafki, ya ture mataccen kifi gefe da bayan hannu, ya kamfato. Ta kalle shi ido cikin ido har ya sunkuyar da kai, sannan ta sha.

Ba su sake su ba. Mai Tarwaɗa ya ajiye dutse a ƙasa ya ce sai inuwar turken ta kai nan, in ba ta faɗi ba sun yarda. Wannan jiran ya fi dukan zafi. Cikinta ya shiga juyawa, amai ya taso mata har maƙogwaro ta haɗiye, ya sake tasowa ta sake haɗiyewa. Ta san in ɗigo ɗaya ya fito za a ce guba ta fara aiki, ga kwalin ashana an shanya shi a kan siminti yana bushewa. Saboda haka ta miƙe. Ta gyara rigarta, ta ɗauki ɗankwalinta ta kakkaɓe ta ɗaura, ta yi ta kai da komo a gabansu kamar mai jiran mota. Da wata mata ta tambaye ta ya jiki, har murmushi ta ƙaƙaro. Kowane taku da ta yi lafiya ƙalau tana sane matan suna kallo, kuma tana sane da abin da suke koya. Ba ta taɓa tsanar kanta irin na wannan sa'ar ba.

Inuwa ba ta kai dutsen ba ma aka fara zamewa. Wannan ya tuna ya bar shago a buɗe, wancan ya tuna ana jiransa. Mai gyaran taya ya gungura tayarsa ya koma da ita, don sabuwa ce. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Mai Tarwaɗa ya saki icen, ya zauna a bakin tafki yana ciro kifi ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan siminti, yana kuka wiwi kamar yaro. Malama ta kwance igiyar da haƙori da hannu ɗaya. Da 'yan sanda suka iso, duk layin babu wanda ya ga komai.

Sai da aka shiga da Kawu ɗakin tiyata sannan ta zagaya bayan asibiti ta durƙusa a bakin kwata, ta yi ta kwarara koren amai. Tana nan durƙushe shugaban cibiyar ya kira. Ya yi jaje a gurguje, sannan ya ce hujja ba ta wuce wannan, ta rubuta rahoto da zafi-zafi, kwamiti zai zauna wata mai zuwa. Ta kashe wayar yana cikin magana.

An yanke wa Kawu yatsu biyu, haƙarƙari uku sun karye, idon kuma likita ya ce sai abin da hali ya yi. Da la'asar ya farka, ya daɗe yana kallonta da idon da ya rage.

"Kin sha."

"Na sha, Kawu."

"Nawa?"

"Uku."

Ya lumshe ido. Ta jira ya ce mata Dakta, ta ma so ya ce, ko ta sami abin da za ta yi kuka a kai. Bai ce ba. Cewa ya yi, "Gobe ki je da wuri. Ki sayi kwaɗo babba."

Washegari tun shaguna ba su gama buɗewa ba ta sayi kwaɗo da katako da gwangwanin jan fenti, ta ɗora a bayan babur. A bakin titi ta wuce famfo, babu kowa a wurin sai akuya tana lasar bakinsa.

A ƙarshen layi kuwa jerin bokitai ne har ya sha kwana. Mazan sun yashe rijiyar jiya da yamma, koren ya tafi, ruwan ya dawo garau. An kankare jan fentin da wuƙa. Mata sai hira suke ana dariya, guga na sauka guga na hawa.

"Ga Malama! Sannu da zuwa, Malama!" Tsohuwar nan mai maganar haƙora ce. "Allah ya yi miki albarka, kin hutar da bayanmu."

"Ku zubar! Wallahi ku zubar da shi!" Ta yar da katakon. "Jiya amai na yi ta yi, ban runtsa ba. Dalmar tana nan, yanzu ma ta fi da yawa!"

"Ayya, tashin hankali ne ya sa ki amai. Kofi uku a gabanmu, ga ki yau har da ɗaukar katako."

Ta nemi Uwar Biyu da ido, ta same ta a bakin rijiyar da guga a hannu. Matar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kau da kai ba.

"Ke ma?" in ji Malama.

"Malama, ke kika san abin da ke ciki, ba mu ba. Ni dai na ce a raina, da da gaske ne, ba za ki sha ba."

"Ƙona shi za su yi!"

"Na sani. Allah ya ba shi lafiya." Ta sauke murya. "Baban Biyu ya ce duk wadda ta sake zuwa famfo daga gidansa, ta wuce gidan ubanta daga can."

A gefen zaninta ɗaya daga cikin tagwayen ta riƙe jan kofin nan mai tsagaggen hannu da hannu biyu, ta kai baki. Malama ba ta san lokacin da ta kai mata duka ba. Kofin ya yi tsalle ya faɗa cikin taɓo, yarinyar ta tsala ihu, hirar matan ta tsaya cak.

Uwar Biyu ta kalli Malama, ta kalli 'yarta. Ta sunkuya ta ɗauki kofin. Ta zuba ruwan guga ta ɗauraye ta zubar, ta sake, ta sake, sau uku cif, yadda ta sha ganin Malama tana yi wa kwalabenta. Sannan ta cika shi ta miƙa wa yarinyar.

"Yi shiru, sha abinki," ta ce. "Malama ma ta sha."